Ranar da Gurgu Ya Sauka Rijiya

Zara'u na durƙushe gaban murhu tana dama kunun jar dawa, irin wadda sojoji suka kawo rabo a kamiyo, babbar motar kaya, sai ta ji an banke ƙyaure da ƙafa. Ba sallama ba komai. Yayanta ne Isufu, sarkin samarin garin, da igiyar guga ninke a hannu.

"Ina gurgun?"

"Haba Yaya! Mijin nawa?"

"Miji? Wanga da ake ɗauka a aje kamar buhu shi ne miji?"

Mijin nata, Na Allah, na zaune bisa tabarma a gindin bango, yana jin komai. Bara war haka, daga Kanan Bakashe har Mayahi, in ana maganar haƙar rijiya sunansa ake fara kira. Sai sanƙarau ya kayar da shi da bazara. Aka kai shi asibitin Tasawa a amalanke, ya tashi da ransa, amma ƙafafun nan biyu suka ƙi tashi. Tun daga ranar Zara'u ke ɗawainiyarsa, ita ce wanka, ita ce kai shi bayan gida, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Auren so suka yi, shekara uku ke nan.

Ga shi damina ta wuce ba a ga zangarniya ɗaya ba, rumbuna wayam. Baba Dodo, mahaifin Zara'u, ya yanke shawarar kwashe iyalinsa su yi kudu, ya rantse ba zai bar ɗiyarsa ta mutu da yunwa a gindin gurgu ba. Ita ta ce ba inda za ta ba mijinta. Su suka ce jakinsu ɗaya ne, ba mai ɗaukarsa. Abin da ya rage kawai a matsa masa ya sake ta.

"Na Allah, sau ukku ina zuwa da lalama," in ji Isufu. "Yau sai ka hurta. Ce ka sake ta!"

"Yaya, zamna mu yi magana..." in ji Na Allah.

Tas! Igiyar ta sauka a gadon bayansa. Tas! Ta sake sauka a wuya, fata ta tsage. Zara'u ta kwarma ihu ta faɗa tsakaninsu. Isufu ya wanke ta da mari har ta bugi tukunya, kunun kwana biyu ya malale a ƙasa. Bai tsaya nan ba, Allah wadaran zuciya irin tasa! Ya kama matattun ƙafafun nan ya ja mutumin a tsakar gida, fuska na gurzar ƙasa, maƙwabta na leƙe ta bisa danga ba wanda ya shigo ya raba.

Zara'u ta rarumi muciya ta maka wa yayanta a gwiwar hannu. Ya juyo ya shaƙe ta, ya haɗa ta da bango, jini na zuba daga leɓenta.

"Ya isa!" Na Allah ya ɗago kai, bakinsa cike da ƙasa. "Sake ta, don girman Allah. Gobe da hantsi ka taho da Baba da liman. In ba ku abin da kuke so."

Isufu ya tofar da yawu ya fice.

Wallahi marin bai yi wa Zara'u zafin maganar nan ba. Ta jawo mijinta inuwa tana goge masa jini da bakin zane, hawaye na ɗiga a kan hannunsa.

"Maigida, mi na yi maka?"

"Ba ki yi mani komi ba. Dube ni, Zara'u. Ana bugun matata gabana ina kallo. Da ciwon ga ya tahi da ni, da kowa ya huta."

"Kar ka ƙara hwaɗin haka!"

Ba yau ya fara faɗa ba. Wata biyu ke nan tana ɓoye wuƙar gidan a cikin rufin ɗaki, inda hannunsa ba ya kaiwa.

Washegari da hantsi Baba Dodo da liman suka iso, aka shimfiɗa musu tabarma. Isufu kaɗai ake jira. Tun da asuba ya ja samari zuwa rijiyar gari, wadda ta koma ba ta ba da komai sai laka, wai zai ƙara mata zurfi a samu ruwan tafiya. Mahaƙa duk sun tafi cin rani, shi kuwa ya ce haƙa ai ƙarfi ne kawai, ba sai an tambayi gurgu ba.

Liman bai ƙare gaisuwa ba sai ihu ya tashi daga yamma. Wata mata ta shigo a guje, ba ko kallabi.

"Baba Dodo! Rijiya ta rubza da Isuhu!"

Kafin ka ce me, gidan ya watse. Na Allah ya dubi matarsa.

"Goya ni."

Shi da bai taɓa yarda ta fita da shi ko ƙofar gida ba saboda kunya! Ta durƙusa ya kama wuyanta, ta ratsa gari da shi a idon jama'a, ƙafafunsa na jan ƙasa.

Bakin rijiya ya cika maƙil. Can ƙasa, gaba ashirin da biyar, rairayi ya binne Isufu har ƙirji, ana jin nishinsa sama-sama. An jefa masa igiya ya ɗaura a hammata, ga samari na ɗaure ɗaya bakin a jikin bijimin da ke jan guga.

"Ku kwance bijimin nan!" Na Allah ya daka tsawa.

"Kai gurgu, koma gehe!" in ji wani ƙato, yana ɗaga sanda zai kora bijimin.

Zara'u na sauke shi, Na Allah ya damƙi idon sawun ƙaton ya fizge, sai ga shi tim a ƙasa. Ƙafa ce ta mutu, damtsen mahaƙi yana nan.

"Ɗan Adam ne ko guga? Rairayi in ya riƙe mutum ba ya sakinshi da ƙarhi. Kuka ja da bijimi, wallahi rabinshi za ku hiddo!"

Samari suka kwance bijimin. Baba Dodo ya dafe kai yana salati.

Na Allah ya sa aka gangaro tano, gangar ƙarfen nan, aka fasa gindinta da gatari. Ya ce za a zura ta a kewaye Isufu da ita don ta tare rairayi, sannan a kwashe na ciki da ƙwarya, kaɗan-kaɗan. Ya tambaya wa zai sauka. Samarin nan masu cika baki kowa ya sunkuyar da kai.

"To ni za ni. Mai ƙahwa in ya sauka sai ya taki bango, bangon kuwa ruɓaɓɓe ne. Nawa ba su motsi. A ɗaure mani su wuri guda. In na girgiza igiya sau biyu a ja da hannu, in ban girgiza ba kar wanda ya taɓa."

Zara'u ta matso kusa da shi. Ta durƙusa kamar mai gyara masa riga, ta yi ƙasa da murya.

"Gaya mani gaskiya don Allah. Hiddo shi za ka yi, ko wurin kwanciya ka samu?"

Ya dube ta. "Ɗaura mani da hannunki," kawai ya ce.

Ta cire kallabinta ta ɗaure masa ƙafafu, ta ɗaura igiyar a ƙugunsa, ta tsaya a gaban masu riƙo. Aka zura tano, aka zura shi.

Guga ya dinga fitowa cike da rairayi, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta take tsaka. Tafin hannun Zara'u ya saɓule, igiya ta yi ja da jini, ta ƙi ba kowa wurinta. Can sai aka ji rugum! Ƙura ta turnuƙo daga bakin rijiyar. Mata suka sa kuka.

"Bango ya sake zubowa! Ku ja su duka!"

"Bai girgiza ba!" in ji Zara'u.

"Ke matsa, mahaukaciya!"

Wani ya bangaje ta ta faɗi. Ta tashi ta naɗe igiyoyin biyu a ƙugunta, ta dafe itacen bakin rijiya da ƙafa.

"Wanda zai ja sai ya tsinka ni biyu! Ya ce kar a taɓa!"

Aka tsaya cirko-cirko. Ita kanta ba ta san ko gawa biyu take tsaro ba. Sai igiyar Isufu ta motsa. Sau ɗaya... sau biyu!

Aka ja a hankali. Ga Isufu ya fito fari fat da ƙura, ƙafar hagu na reto a karye, yana kuka kamar yaro. Jama'a suka rufu a kansa. Zara'u ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na kan ɗaya igiyar, wadda ta tsaya cik.

"Maigida!" ta kira cikin ramin. Shiru.

"Maigida, girgiza mana!" Shiru.

Sai Zara'u ta kwanta rub da ciki a bakin rijiya, a gaban ubanta, a gaban liman da dukan gari, ta yi abin da matar kirki ba ta yi, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka kai ta ɗakinsa. Ta kira sunan mijinta.

"Na Allah! Na Allah! In ka zamna nan, wallahi ina biyo ka!"

Tsofaffi suka kama baki. Igiyar ta motsa sau biyu.

Da aka fito da shi goshinsa a fashe yake, jini ya rufe ido ɗaya. Ta rungume shi ba kunyar kowa. Ya ce mata a kunne, "Na so zama can, ba ni ɓoye maki. Sai na ji ki."

Sannan ya juya wajen surukinsa, wanda ke tsugune a gefe.

"Baba, na ce yau zan ba da magana. Ga ta: ba ni sakinta. Ko za a kashe ni."

Tsoho ya cire hula ya rufe fuska da ita. "Wa ya tambaye ka, ɗana? Ku yahe mani, ku biyun."

Tafiya kudu dai ba a yi ta ba, don Isufu ya yi wata uku a kwance, ya tashi da ɗingishin da bai rabu da shi ba, kuma ya daɗe bai iya haɗa ido da ƙanwarsa ba. Na Allah kuwa daga bakin rijiya yake zaune yana murza rairayi a hannu yana gaya wa samari inda za su tokare da itace, har ruwa ya ɓullo. Labari ya kai garin Cake, ya kai Bawdeta, aka riƙa aiko da jaki ana ɗaukarsa, ana sallamarsa da hatsi. Da hatsin nan gida biyu suka ga damina.

Ku ƴan uwa masu saurin raba ma'aurata don ciwo ya kayar da ɗaya, ku ji tsoron Allah. Ba ku ne kuka ba da lafiya ba, ba ku kuma san amfanin da Allah ya ajiye a jikin wanda kuka raina ba. Zara'u ta yi haƙuri da mijinta lokacin da shi kansa ya fid da rai, kuma Allah bai kunyata ta ba.