Mai Gyara a Ɗakin Kwamfutoci

Auta, Allah ya jiƙansa, shi ke kwana da kwamfutocin ma'aikatarsu. Ba haya suke yi a wajen kowa ba, nasu ne, jere cikin akwatunan ƙarfe a wani ɗaki mai sanyi. Uku ne ke shugabantar sauran, suna raba musu aiki. Ɗaya ta mutu da yamma. In ta biyu ta bi ta, komai ya tsaya, shi ma an kore shi.

Cikin dare ya tarar da wani mutum tsaye tsakanin akwatunan.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa. Ni ne mai gyara. Zare mini wayar wutar waccan."

Auta ya duba. Ɗaya daga cikin shugabannin biyu masu lafiya mutumin yake nunawa.

"Malam, wa ya buɗe maka? Ƙofar nan sai da kati."

"Kai dai zare. Ko tsoron oga kake ji?"

"Ai ba a kashe ta sai an kwashe aikin da ke kanta. Wane irin mai gyara ne kai?"

Mutumin ya yi dariya, ya tako. Daɓen ɗakin rami ne a ƙarƙashinsa, ko ɓera ya bi sai an ji, amma ba a jin takun mutumin. Iskar da ke busowa daga ƙasa tana kaɗa wandon Auta, rigar baƙon ko motsi.

Auta ya yi maza ya kulle akwatin, ya damƙe makullin. Baƙon ya miƙa hannu a hankali, hannun ya ratsa ƙarfen har gwiwa, yana laluben wayar.