Farar Safar Muttaka

Luba na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, amma rabin hankalinta na kan wayar da ta kifa a cinya. La'asar ta yi sanyi a Mandawari, lokacin zuwan Muttaka ke nan, don haka ba wanda ya yi mamakin ganin an sha hoda da kwalli saboda tsintar shinkafa.

"Ke dai ki fitar mana da tsakuwar nan kafin golan naki ya iso," in ji Hajiya Rukayya, mahaifiyarta, daga bakin murhu. "Jiya saura kaɗan haƙorin Babanku ya tafi."

"Kai Umma!"

Hajiya Rukayya mace ce mai kirki, ba za a raba ta da wannan ba, sai dai Allah ya jarrabe ta da son a ce. Tun da Muttaka ya shiga Ganuwa Stars, babban kulob ɗin birni, ba bikin da za ta je ba ta sako zancen surukinta da ake nunawa a talabijin ba. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ana nuna shi. Abin da ba ta lura da shi ba, kullum a zaune ake nuna shi.

Sallamarsa ce ta tashi Luba. Ta same shi a soro da wata takarda a hannu, fuskarsa kamar mai son yin dariya yana tsoro.

"Albishirinki. Koci Shehu zai ba da ni aro."

"Aro? Sai ka ce tabarmar biki?"

Ya yi dariya. "Haka ake yi wa gololi matasa. Akwai wani ƙaramin kulob, Rafin Tsamiya United, can ƙasa suke a lig. Ba su da gola. Zan yi musu sizin ɗaya in dawo."

"To me ya yi zafi? Kana babban kulob ka koma ƙauye?"

"Luba, saurara ki ji. Ɗan gaba ko ɗan tsakiya ana iya sako shi minti goma ya ɗan taɓa. Gola ɗaya ne tal, in ya shiga sai an tashi. Ni kuma na uku ne a layi. Shekarata guda ban kama ƙwallon gasa ko ɗaya ba, sai tirenin. A can wasa talatin zan yi! Koci ya ce gola a fili yake nuna, ba a benci ba. Hannu kawai zan sa a nan, amma kafin Juma'a, don ranar ake rufe rajista."

Juma'a saura kwana uku. Sa ranarsu kuwa saura mako biyu.

Hajiya Rukayya ba ta da ɗabi'ar laɓe, in ji ta. Tsautsayi ne kawai ya kai ta shanya zani a bayan ƙofar soro. Luba na shigowa ta tare ta.

"Ban yarda ba! Na gama gaya wa dangi na Kabara da na Jakara golan Ganuwa ne. Sai a zo sa rana a ce ina angon, in ce yana ƙauye yana tsalle a filin da awaki ke kiwo? Cewa za a yi korarsa aka yi. Wa ya taɓa jin an ba da mutum aro in yana da amfani?"

Malam Isyaku, mahaifin Luba, baduku ne a kasuwar Kurmi. Yana alwala a gefe, ya ɗago kai.

"Hajiya, ni ma fa shekara uku mahaifina ya tura ni wajen wani baduku a Zariya. A rumfarmu ba a bari na taɓa wuƙa, a can na koya."

"Malam, fata daban, 'yata daban. Ni ban ce kar ya je ba. Ya bari a sa rana tukun, in ya so ya tafi har Legas."

Malam Isyaku ya buɗe baki, ya dubi fuskar matarsa, ya ci gaba da wanke ƙafa. Mutum ne mai gudun hayaniya, kuma wannan gudun ya sha jawo masa abin da ya fi hayaniya.

Ranar Alhamis Luba ta fito soro idonta jawur.

"In dai kana sona, ka bari a sa rana."

"Ba za su zauna ba gola suna jirana ba, Luba. In an rufe an rufe."

"Wato ƙwallo ta fi ni ke nan? Umma ta ce in ka tafi babu ruwanta da maganarmu. Ni ka ga yadda zan yi da raina!" Sai kuka.

Muttaka ya daɗe yana kallon takardar. Shekararsa ashirin, kuma bai taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ya ninke takardar ya miƙa mata.

"Riƙe. Share hawayenki, ba inda za ni."

Ta yi murmushi cikin hawaye, tana jin ta yi nasara. Washegari Koci Shehu ya girgiza kai kawai, ya kira Tajuddeen, wani dogon yaro da ke bayan Muttaka a layi, wanda ko benci ba a sa shi. Tajuddeen bai tsaya tambayar ko akwai wuta a garin ba, ya sa hannu ya hau mota.

Aka sa rana, biki sai bayan shekara ɗaya, in Luba ta gama makaranta. Aka raba goro da alawa, Hajiya Rukayya ta faɗi "golan Ganuwa" har muryarta ta dushe. Da aka sake buɗe rajista Muttaka ya nemi a tura shi ko'ina ne, sai dai golan da ke gabansa ya bar kulob, ya zama na biyu, kuma ba a ba da na biyu. Hajiya ta ce ka gani, ƙarin girma ne. Luba ma haka ta ɗauka. Har takan karɓi safar hannunsa ta jujjuya, fara ƙal, ba ɗigon taɓo, ta ce, "Wallahi golana ɗan gayu ne." Shi dai sai ya yi murmushi ya mayar da ita jaka.

Ranar da abin ya faru, Lahadi ce da yamma, wasa mafi zafi a sizin. Matan maƙwabta sun cika falon Hajiya ana kallo. Minti ashirin da farawa golan farko ya faɗi a kan kafaɗa, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

"Ga shi nan! Ga surukina!" Hajiya ta miƙe tsaye har ɗankwali na zamewa.

Muttaka ya shiga yana gyara farar safarsa. Bugun kwana na farko ya fito, ya yi shakka, ya tsaya a tsakiya, aka sa kai ƙwallo ta wuce. Na biyu bai yi wa ɗan bayansa magana ba, suka yi karo, ƙwallo ta gangara raga a hankali kowa na kallo. Kafin a tafi hutu an zura ta uku ta tsakanin ƙafafunsa.

Ba rashin iyawa ba ne, kowa a kulob ya san hannunsa. Amma a tirenin ba wanda zai sa maka gwiwar hannu a haƙarƙari, ba mutum dubu goma a bayanka suna zaginka da sunan mahaifiyarka. Irin wannan a ƙaramin fili ake fara haɗiye shi, inda in ka yi kuskure mutum ɗari ne suka gani, su ma kafin mako sun manta. Muttaka nasa kuskuren farko a gaban Kano gaba ɗaya ya yi shi.

"Rariya! Rariya!" filin ya ɗauka, har ta cikin talabijin ana ji.

Matan suka fara tuna sun bar tukunya a wuta. Ɗaya bayan ɗaya suka zare, aka bar Luba da mahaifiyarta da ƙarar talabijin.

Ƙarshen sizin aka dawo da Tajuddeen. Ya yi baƙi, ya rame, ɗan yatsansa ɗaya ya karkace, amma wasa talatin ne a jikinsa, kuma in ya daka wa 'yan baya tsawa har waje ana ji. Aka ba shi riga mai lamba ɗaya. Muttaka aka ba shi takardar sallama. A majalisun unguwa sunansa ya ɓace, sai Rariya, ya daina bin lungun su Luba sam.

Wata safiya Hajiya Rukayya ta sa aka fito da akwatunan sa rana tsakar gida.

"Malam, a mayar musu. Ba zan ba da 'yata ga wanda gari ke yi wa dariya ba. Jiya a gidan suna har wata ke tambayata wai ina rariyarmu!"

Luba ta shiga ɗaki ta fito da takardar nan, ta durƙusa a gabansu. Ba ta taɓa mayar wa mahaifiyarta magana ba sai ranar.

"Umma, ki yafe min abin da zan faɗa. Kin ga wannan? Irinta Tajuddeen ya sa wa hannu, wannan kuwa ta Muttaka ce. Ya gaya min gaskiya a soron nan, na sa masa kuka. Ke kika aike ni, ni kuma na je. In rariya ce, Umma, ni da ke muka huda ta. Yanzu kuma mu ne za mu fara jefar da shi?"

"Luba! Ni kike gaya wa haka?"

"Gaskiya ta faɗa," in ji Malam Isyaku. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba. "Kuma laifina ya fi na kowa. Ku ba ku sani ba, ni na sani na yi shiru don kar a yi rigima. A mayar da akwatunan nan ɗaki. Yaron nan saboda mu ya ajiye rabonsa, ba zan haɗa masa asara biyu ba."

Hajiya ta dubi takardar, ta dubi 'yarta. Ta zauna a kan akwati ɗaya ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka.

Sai da Luba ta kira sau bakwai kafin Muttaka ya zo. Ya tsaya a bakin soro kamar baƙo.

"Na bar ƙwallo, Luba. Kawuna ya ce in zo shago."

"Ka yafe min tukun."

"Me kika yi? Ni na ninke takardar da hannuna."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta miƙa masa takardar. "Ka kira su. Tajuddeen ya dawo, ba su da gola."

"Takardar nan ta mutu tuntuni."

"Lambar wayar da ke jiki ba ta mutu ba. Ka je, ko shekara nawa ne. Na gaya wa Baba a ɗaga bikin, ni zan jira."

Ya tafi, ba a matsayin ɗan babban kulob da aka ba da aro ba, a matsayin mai neman a gwada shi, shi da wasu mutum huɗu. Shi aka ɗauka. Aka ɗaga biki shekara biyu, kuma Hajiya Rukayya da kanta ta bi gidajen dangi tana faɗa. In an tambaye ta ina angon, sai ta ce, "Yana Rafin Tsamiya yana koyon aikinsa," ta haɗiye sauran.

Haƙuri bai ba su kunya ba. A sizin na biyu Muttaka ya zama kyaftin, ya tare fenariti a wasan ƙarshe, Rafin Tsamiya ta hau mataki na gaba. Aka ɗaura aure, suka tare a wani ɗan gida a Kabara, kuma har yau ba wanda ya taɓa jin kansu. Sai dai Ganuwa ba ta sake kiransa ba, ta riga ta sami nata. Tajuddeen yanzu yana wani kulob a ƙasar waje. Duk ranar da aka nuno shi, Muttaka kan ƙara murya ya ce, "Kai, yaron nan ya iya! Allah ya ƙara ɗaukaka." Da zuciya ɗaya yake faɗa. Luba kuwa sai ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

'Yan'uwana mata, da ku iyaye, ga abin da nake so ku ɗauka. Wanda yake sonka zai iya ajiye rabonsa saboda hawayenka, don haka ka san abin da za ka yi wa kuka. Maganar mutane a gidan biki kwana biyu ce, amma ƙofar da aka rufe ranar Juma'ar nan ba ta sake buɗewa ba, duk da an yafe, duk da an yi aure.

Yanzu duk Litinin in Muttaka ya dawo, Luba ce ke zazzage jakarsa. Safar takan fito baƙa ƙirin da taɓo, tafin ya cinye, yatsun da Malam Isyaku ya ɗinke mata sau biyu sun sake buɗewa. Ranar nan Hajiya Rukayya ta zo ta same ta tana cuɗa ta a bokiti, ta tsaya tana kallo.

"Wannan ai ta mutu, Luba. Ina farar nan tasa mai kyau?"

"Tana ƙasan akwatina, Umma, tare da takardar," in ji Luba, ba ta ɗago ba. "Wasa ɗaya ta yi."