Guntayen da Na Yanke Daga Fim ɗin Inna

Bayan rasuwar Inna, ma'ajiyar tarihi ta nemi fina-finanta. Shekara talatin ta yi tana ɗaukar mata a fim suna faɗin abin da ake yi musu a gidajensu, dangi kuwa suna kiranta mai tonon silili. Kawu ya ce da ni, "Kafin ki ba su, ki yanke duk inda aka taɓo gidanmu." Na ce to. Ni dai kullum to ce a bakina.

Magariba ta same ni a ɗakin aikinta, ina haska fim na ƙarshe a bango. Guntayen da na yanke suna kwandon shara, ɗakin na warin tsami irin na tsohon fim.

Sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Wata mata ce a lulluɓe. Na ɗauka daga ma'ajiyar aka aiko ta.

Na ce, "Baiwar Allah, sai gobe za a gama."

Ta durƙusa gaban kwandon, tana ɗaukar guntayen ɗaya bayan ɗaya, tana kai kowanne leɓenta don ta gane ta wane gefe hoton yake. Mutum ɗaya na sani mai yin haka.

Ta miƙe, ta tsaya tsakanin na'urar haska fim ɗin da bango. Hoton bai katse ba. Babu inuwa ko kaɗan.

Ta ce, "Shekara talatin kawunki yana neman almakashin da zai yanke ni. Ashe ni na haifa masa."