Ƙorafin Baba Tela

Ranar da 'yar Baba Tela ta fara kawo mahaifinta ɗakin ba da shawara na asibitin, sabon ma'aikacin yana watansa na biyu na gwaji. Ya ɗaga kai daga fayil, idonsa ya faɗa cikin nata, sai bayani ya rikice masa. Ya zuba shi kamar hadda: a rage gishiri, a bar sukari, a yi tafiyar rabin awa kullum.

Baba Tela ya miƙe, suka fita. A bakin ƙofa aka miƙa musu takardar da marasa lafiya ke cikewa kan ko sun gamsu.

Bayan kwana uku shugabar sashe ta kira ma'aikacin, ta tura masa takardar. An zagaye "Ban gamsu ba", a ƙasa an rubuta: "Ni ne mai hawan jini, amma 'yata yake kallo. Ya ce in yi tafiya, bai tambayi gwiwata ba."

"Irin wannan ta sake zuwa, ba zan sa hannu a tabbatar da kai ba," in ji shugabar.

Ya gane rubutun, don a gabansa ta cike katin mahaifinta. Ranar abinci bai shiga cikinsa ba.

Washegari saƙo ya shigo ta lambar da ke jikin katin: "Ni ce 'yar Baba Tela. Ya manta tabarau, shi ya faɗa ni na rubuta. Don Allah ba a kore ka ba ko?"

Sau biyar yana gogewa kafin ya tura: "Ba a kore ni ba. Kuma gaskiya Baba ya faɗa, duka biyun."

Zuwa na gaba ya juya kujerarsa ga dattijon. Ya tambayi gwiwa, da awannin da yake yi kan keken ɗinki, da shayinsa mai cokali uku. Suka daidaita: cokali biyu tukuna, miƙewa duk bayan awa ɗaya, tafiya zuwa ƙarshen layi a hankali. Cikin wata biyu jini ya fara sauka. Saƙonni kuma suka yawaita, tana ce masa Malam Rage-gishiri, yana ce mata Sanyin idona.

Da maganar aure ta isa gida, Baba ya murtuke.

"Ashe duk kulawar nan ba don ni ba ce? Ban yarda ba."

Ta kira ma'aikacin tana kuka. "Me za mu yi?"

"Ki yi masa biyayya, Sanyin idona. Lafiyarsa ba abin ciniki ba ce."

Ya mayar da fayil ɗin Baba hannun abokiyar aikinsa, tare da shafi biyu na bayani kan gwiwar da shayin. Sati shida ba kira, ba saƙo. Duk ya rame.

Wata safiya Baba ya turo ƙofarsa ba tare da kati ba.

"An nuna min abin da ka rubuta. Tashi tsaye."

Ya miƙe, ƙafafunsa na rawa. Dattijon ya zaro tef ɗin awonsa na ɗinki daga aljihu ya ɗora masa a kafaɗa.

"Daina karkarwa, ɗana. Kayan ango ba a ɗinka su da ƙiyasi."

Bayan an tabbatar da shi a aiki aka ɗaura auren. Baba ya haɗa hannayensu.

"Ka riƙe min ita amana. Allah Ya ba ku lafiya da zaman lafiya, Ya yi muku albarka."