Inna Ba Ta Kwana Gidan Suruki

"Ke nike jira, Laila. Tun ɗazu kina kallon ƙasa, ba ki ce komi ba."

Zakiru ne ya faɗi haka, yana tsaye a tsakar gidan da dillali ya buɗe musu, bakinsa har kunne. Gidan siminti ne a sabuwar unguwa ta bakin hanyar Maraɗi, ɗaki biyu da rufin kwano, ga famfo a ƙofa, ga wuta ta iso layin. Daga nan zuwa lakwal ɗin da yake koyarwa ko babur ba ya buƙata. Shekara bakwai yana tsuke bakin aljihu saboda wannan rana, takalmi ɗaya yake sawa sai ya ga yatsunsa a waje. Abin da ya tara gida ɗaya zai saya, shi ma da ƙyar da jiɓin goshi.

"Shina da kyau, Mushe," in ji Lailatu. Haka take kiran mijinta, yadda 'yan lakwal ke kiransa, tun suna saurayi da budurwa.

"Amma?"

"Amma ƙofa guda gare shi..."

Dillali ya yi dariya, ya ce shi dai tun da yake sana'ar nan bai taɓa jin an kushe gida don ƙofarsa ɗaya ba. Zakiru bai yi dariya ba. Ya dube ta, murnar ta zube daga fuskarsa, ya miƙa wa dillali makulli ya ce za su yi shawara. Har suka isa ɗakinsu na haya tana bayan babur tana jin yadda bayansa ya sandare.

Ba ƙofa ce ta dami Lailatu ba, uwarta ce.

Inna Hamsatu tana ƙauyensu Korahane ita kaɗai tun rasuwar mijinta, kuma Lailatu ce kaɗai ɗiyar da Allah ya raya mata. Shekara biyu ke nan idanunta suna dushewa. Likita ya duba, ya ba da maganin ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, a dai lallaɓa sauran. A zuwan Lailatu na ƙarshe ta tarar da bakin zanen Inna ya ci wuta, ga tabon ƙuna a ƙaurinta ta shafe shi da man shanu. Da ta tambaya sai Inna ta ce ai ba komai ba ne, murhu ne ya matso kusa da ita. Maƙwabta suna leƙo ta, amma da damina kowa gona yake kwana ya tashi.

Sau nawa Lailatu ta roƙe ta ta dawo wurinsu Dakoro? Amsar ɗaya ce kullum. Inna mutuniyar da ce, kunya ta riƙe ta tamau. Shekara uku da auren nan ko ruwan gidansu ba ta taɓa kurɓa ba. In ta shigo kasuwa sai ta tsaya gidan maƙwabta ta aika a kira mata ɗiyarta. In ta ji ƙarar babur ɗin Zakiru a Korahane, kafin ya kashe shi ta shige ɗaka ta ja labule, gaisuwarsu daga bayan zana. Kuma ba ƙinsa take yi ba. Duk fura mai kyau da ta dama, sai ta ce a kai wa "wancan yaro".

Kwana biyu bayan maganar ƙofa, Lailatu ta lallaɓa mijinta ta kai shi wani gida da ta daɗe da sa wa ido, a tsohuwar unguwa bayan kasuwar dabbobi. Ginin ƙasa ne, katangar gabas ta zaizaye, azara biyu sun lanƙwashe. 'Yan'uwa biyu ne suka taɓa raba shi, shi ya sa yake da ƙofa ta wannan lungu da ta wancan, da 'yar katanga a tsakiya. Kuɗinsa bai kai na gidan siminti ba, amma duk mai ido ya san abin da ya rage gyara zai cinye.

Zakiru ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango ƙasa ta zubo masa a hannu. Iska ta kaɗo warin garke daga kasuwa. Ya kakkaɓe tafinsa ya tsaya gabanta.

"Don Inna ne, ko?"

Ta gyaɗa kai, hawaye suka taru mata.

"Mi ya hana ki hwaɗa mani tun can? Kin bar ni ina ta zuba gaban dillali."

"Kunya nij ji, Mushe. Guminka ne. Ta yaya zan ce ka bar siminti ka sayi laka sabadda uwata?"

Ya yi ajiyar zuciya. Fushin ya sauka, amma abin da ya biyo baya ya fi fushin ciwo. Ya ce mata a hankali shi ma yana tunanin Inna, kuma in gidan nan zai kawo ta, zai runtse ido ya saya, ya dinga yaɓe duk shekara har ƙarfinsa ya ƙare. Sai dai ya san surukarsa. Kada su rasa gidan kirki, su kuma rasa Inna. Ta je ta tambayo ta tukuna, dillali ya ba su mako ɗaya.

Lailatu ta tafi Korahane da ƙarfin zuciya. A mota har tana tsara inda za ta kafa wa Inna rumfa.

Ta same ta a bakin ɗaki tana tsince tsakuwa daga gero da yatsu, fuskarta na kallon wani wajen. Lailatu ta zauna ta kwashe labari duka: ƙofar Inna daban, makewayinta daban, katanga a tsakani, sai ta yi wata ba su haɗu da Zakiru ba. Inna ta saurara har ƙarshe, hannunta bai bar geron ba.

"Wa za ya saye?"

"Shi, Inna."

"To ko ƙofa goma gare shi, gidan suruki ne. Ni ba ni kwana gidan suruki. Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba."

"Inna, wuta fa ta ci zanenki..."

"Zane ne tac ci, ba mutunci ba. Ki tahi ki bar yaro shi sayi gidan da ransa ka so. Kada ki zama macen da ka jan miji baya."

Lailatu ta yi kuka, ta yi magiya, har ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga wa uwarta murya. Da za ta tafi ma sai Inna ta laluba ta ɗaura mata kuka da daddawa a leda, ta ce a gaida wancan yaro. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Da Inna ta yi faɗa da ta samu abin riƙewa, amma ina za ka kama mutumin da ke ƙin ka cikin ƙauna?

Da ta dawo ta faɗa wa Zakiru yadda aka yi, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta ce ya sayi na simintin, Allah ya sa alheri, ita ta haƙura. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce to.

Kwanakin da suka biyo ta ga yana ta kai-kawo, yau wajen mai unguwa, gobe meri wajen magajin gari, jibi gidan Baba Sallau, ƙanen mahaifinsa, wanda shi ne uba gare shi yanzu. Ba ta tambaye shi komai ba. Tana yi masa murmushi in ya shigo, tana tuya ƙuli-ƙulinta na sayarwa, amma duk sanda ta hura wuta sai gabanta ya faɗi. Ta yi ƙoƙarin son sabon gidan a zuciyarta. Ta kasa, kuma ta ji haushin kanta da ta kasa, don bawan Allahn nan bai yi mata laifin komai ba.

Ranar Lahadi da hantsi ya ce ta shirya za su Korahane. Ta ɗauka sallama za su yi wa Inna a kan sun sayi gida, yadda ya kamata. Abin da ya ba ta mamaki shi ne ganin Baba Sallau a tasha da babbar riga, fuska a ɗaure. Duk hanya tsohon yana gunaguni ƙasa-ƙasa, wai yaran zamani in boko ya yi musu yawa sai su fara tafiya da ka. Zakiru dai sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Inna na jin muryar maza ta shige ɗaka. Lailatu ta shimfiɗa musu tabarma a bayan zana, ta koma ta zauna a bakin ƙofar uwarta. Aka gaisa, aka tambayi gona, aka tambayi jiki. Sannan Baba Sallau ya yi gyaran murya.

"Hamsatu, ni anka jawo in yi shaida, don an ce ke takarda ba ta yi maki amfani, sai bakin dattijo. To ga bakin. Yaron ga ya sayi gida bayan kasuwar bisashe. Amma ba nashi ba ne. Gaban mai unguwa da shaidu ya ba ɗiyarki, kyauta, har meri sunanta anka rubuta. Ko bulo guda ba shi da shi a ciki."

Lailatu ta dafa dokin ƙofa.

"Na hana shi," in ji tsohon. "Na ce mashi duk Dakoro za a yi ta yi da kai, a ce Mushe na zaman gidan mata. Na ce in kunka yi hwaɗa, kai za ka ɗauki ƙunshinka ka yi yaji? Yac ce ya ji, ya yarda. To ni na gama nawa."

Lailatu ta san abin da wannan ke nufi ga namiji a garinsu, ta san irin dariyar da za a yi masa a majalisa da ɗakin malamai. Shekara bakwai na wahala, ga shi ya fito ba shi da ko ƙofar da zai nuna ya ce tasa ce. Ta yunƙura za ta tashi ta ce a fasa.

Sai ta ji muryar Zakiru daga bayan zana, can ƙasa, yadda yake yi in yana gaban manya.

"Inna, ni ba ni da gida. Ɗiyarki ka da gida, kuma ke kinka haife ta, kin fi ni iko da shi. Na zo roƙo ne. In kin koma can, ki taimaka ki sa baki ta ba ni masauki ɗaki guda. In kin ce a'a, sai in ci gaba da haya."

Lailatu ta toshe bakinta da gyale, kuka ya ci ƙarfinta. A duk zamansu ba ta taɓa son mutumin nan kamar yadda ta so shi a wannan lokaci ba, shi da ke durƙushe a rana bayan zana, ko fuskarsa ba ta gani.

Ta leƙa ɗaki. Inna na zaune bakin gado, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Baba Sallau ya fara motsi zai tashi. Sannan ta share ido, ta juyo wajen ɗiyarta, don har yanzu ba za ta yi wa suruki magana kai tsaye ba.

"Ke."

"Na'am, Inna."

"Awakina ukku ne, kuma jar nan kuka gare ta da asuba. Ki tambayi baƙon naki, in ba ta hana shi kwana."

Baba Sallau ya tuntsire da dariya duk da ɗaure fuskarsa. Lailatu ta buɗe baki za ta isar da saƙon. Ba a ma buƙace ta ba, don Zakiru ya ji da kunnensa.

"Ki ce ma Inna," in ji Zakiru, "ni zan riƙa yi masu ciyawa."