Wa Ya Sauke Injin Ylva?

Ranar Litinin da safe, ƙanƙara ta fara narkewa a titunan yankin Värmland na ƙasar Sweden, Ylva Brattlund ta buga waya caji ofis ta ce an sace mata inji. Ɗan sandan da ya ɗauka ya ce ko mota take nufi. Ta ce a'a, mota tana nan, injin ne babu.

Sufeto Majken Rundqvist ce ta je. 'Yar ƙauyenmu ce, ba sai an yi mata kwatancen wurin ba: tsohon garken shanu ne a bakin daji, wanda ƙungiyar 'yan tseren mota ta mayar gareji. Nan kowa ke ajiye motarsa lokacin sanyi. Babu abin ɗumama ɗaki a ciki, sai tukunyar kofi da surutu.

Motar Ylva tsohuwar Opel GT ce ja, ta girmi mai ita. Ylva ta cire ɗan injinta na asali ta dasa na Volvo mai silinda biyar da turbo, injin da ba don wannan ɗan cikin aka yi shi ba. Sai da ta yanka ƙarfe, ta yi walda, ta sake mazaunin giya. Shekaru ta yi tana tasowa daga aikin jinya ta shige ƙarƙashin motar, har ta samu ta fita filin tsere da ita bara. Yanzu ga bonet a buɗe, ciki wayam.

An fasa kwaɗon ƙofa da ƙarfe. Amma da Sufeto ta leƙa cikin motar sai ta yi jim. Ba a yanke waya ko ɗaya ba, zare su aka yi. An toshe bakin kowane tiyo da tsumma. Kowane noti an mayar da shi mazauninsa an ɗan murɗa. Ga akwatin sifanu masu tsada a gefe, ba a taɓa ba.

Ta ce wannan ɓarawo da ladabi yake. Wa ke aiki haka?

Ylva ta ce kowa a ƙungiyar haka yake yi, don duk hannun Tsoho suka bi.

Tsoho shi ne Börje Tjärnström, wanda ya kafa ƙungiyar. Ya haura saba'in, kuma rabin direbobin ƙauyen shi ya koya musu juya mota a kan tafki idan ya daskare, har da ita Sufeton tana budurwa. Yana tsaye bakin ƙofa ya zuba hannuwa a aljihu. Da ta zo fita ya ja ta gefe.

"Majken, ba na son in faɗa," ya ce. "Ranar Asabar da yamma na ga farar motar Tapio a nan."

"Ka tabbata tasa ce?"

"Ni na gyara mata birki."

Tapio Rautio dai a shagon taya yake aiki. Yana saurayi ya saci motoci, ya sha ɗauri, ya sha giya har matarsa ta kwashe kayanta. Bai daɗe da samun izinin kotu ba na 'yarsa Aino ta riƙa zuwa wurinsa ƙarshen mako, da sharaɗin kada a sake jin sunansa a bakin 'yan sanda. Duk ƙauyen an san wannan sharaɗi. Amma mutanenmu, kafin azahar sun gama shari'a a gidan mai, da kofi a hannu. Masu cewa dama sun faɗa sun fi kowa yawa, alhali ba wanda ya taɓa jin sun faɗa.

Sufeto ta same shi yana cire tayoyin sanyi daga motar wani. Ta tambaye shi inda yake ranar Asabar da yamma.

"Gida."

"Maƙwabciyarka ta ce motarka ta fita, ba ta dawo ba sai bayan ta kwanta."

"Ta fi ni sanin motata ke nan."

"Ina ka je, Tapio?"

Ya sunkuyar da kai yana murza tsumma. Ya ce bai taɓa motar Ylva ba, shi ya taya ta ɗaga injin ranar da aka dasa shi, me zai kai shi? Amma inda ya je ya ƙi faɗa. A bayan motarsa kuma aka ga sarƙa da tabon man inji, abin da za a gani a motar kowane ɗan ƙungiya, sai dai shi yana da tarihi. Mai gabatar da ƙara ya ce a tsare shi.

Da ake sa shi a mota bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa: a kira masa Tsoho. Ya ce lokacin da kowa ke gudunsa, Tsoho ne ya tsaya masa aka karɓe shi a ƙungiya, shi ya san ko shi wane ne. Sufeto ta rufe ƙofar motar.

An bincike gidan Tapio da rumfar itacensa, ba inji. Inji kuwa ba agogo ba ne da za a sa a aljihu.

Washegari Sufeto ta sake kiran Ylva garejin. Tana jiran ta sai idonta ya kai bangon ƙurya, inda aka rataye fasassun ƙarafa, kowanne da sunan mutum a ƙasa da farin fenti. Da Ylva ta iso ta tambaye ta.

Ylva ta ɗan yi dariya, ta ce bangon kunya ke nan. A filin tsere an hana zuba ruwan maganin daskarewa a inji, domin idan ya zube a kwalta santsi yake kamar sabulu, na bayanka sai ya tsinci kansa a shinge. Ruwa zalla ake zubawa. To da an gama tseren ƙarshe na kaka dole a zubar da shi, in ba haka ba sanyin Janairu ya daskarar da shi ya tsaga injin. Duk wanda ya manta, Tsoho da kansa ke ɗauko guntun ƙarfen ya rataya, ya rubuta sunan, a shekara ana yi wa mutum tsiya. Kowace kaka yakan bi motoci yana buga bonet da tafin hannu yana tambayar an zubar da ruwa.

"Ke kin zubar da naki?"

Ylva ta ce ranar tseren ƙarshe aka kira ta mahaifiyarta ta faɗi a birnin Karlstad. Daga filin ta wuce, ta bar wa Tsoho mota da makulli. Daga baya ya ce mata ya zubar.

Sufeto ta karɓi fitila ta kwanta a ƙasan siminti da rigar aikinta. Ɓarawon ya bar lagireto a jikin motar. Daga sama lafiya lau yake. Daga ƙasa kuwa ya kumbura, ɗinkinsa ya buɗe. A simintin akwai busasshen tabon ruwa mai tsatsa, an share shi amma bai fita ba.

Ta ce Ylva ta zo ta gani. Ylva ta durƙusa, ta daɗe tana kallo, fuskarta ta canza.

"Dama can yana yoyo," ta ce.

"Da shi kika yi tsere yana yoyo?"

Ylva ta kau da kai.

"Ylva, akwai mutum a tsare."

Ylva ta zauna daɓas a kan taya ta rufe fuska da hannu. Ta ce sabo ne, bara ta saya. Ta ce ita da ta sani da ba ta kira 'yan sanda ba.

Gidan Börje yana can bayan tafki, shi kaɗai tun rasuwar matarsa. A nan ba a shiga gidan mutum a fita ba a sha kofi ba, ko da rigima aka zo. Ya ɗora, ya fito da burodin kirfa. Da zai zuba mata ya fitar da hannunsa na dama, ta ga sabon ƙuna a bayan yatsunsa.

Ya ce murhu ne.

Ta tambaye shi ruwan motar Ylva. Ya ce ya zubar mana, shi za a tambaya wannan? Ta ce to me ya fasa lagireto daga ciki? Ya ce kayan zamani ne, ba ƙwari. Yana magana yana kallon taga, ita kuma tana kallonsa, kunya ta kama ta kamar ita ce ke ƙaryar. Mutumin nan ya taɓa ciro ta daga tudun ƙanƙara yana dariya, ga shi yau tana ƙure shi a kicin ɗinsa.

"Börje, ba ni makullin shagonka na baya."

"Kina da takardar izinin bincike?"

"Zan iya samowa. Sai dai in dawo da mota biyu da yara masu kaki, maƙwabta suna kallo."

Ya ajiye kofinsa. Sannan ya tashi ya ɗauko makullin daga ƙusa, ya wuce gaba.

Shagon yana warin walda. Injin na rataye a sarƙa, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Ta yaye. Tsaga ce doguwa a gefen gangar jikinsa, an bi ta da walda sau da yawa, kowane ɗinki ya sake buɗewa kusa da na baya.

Bai jira tambaya ba. Ya ce ranar tseren ƙarshe ya kai motar gareji da niyyar zubar da ruwan idan inji ya huce. Ya zauna shan kofi, aka shiga hira, ya tafi gida. Da Ylva ta tambaye shi ya amsa da gaskiyarsa, don a ransa ya zubar. Sai da sanyi ya fara raguwa ya shiga garejin ya ga ruwa kwance a ƙarƙashin motar. Ya ce ya tsaya a wurin, ga bangon nan a gabansa, sunaye duk rubutun hannunsa.

Ya ce nufinsa ya sauke injin ya gyara ya mayar kafin a buɗe filin tsere, ba wanda zai sani. Da tirelarsa ya kawo shi. Waldar ta ƙi. Ya nemi wani irinsa, ya tarar Ylva ta yi wa nata aikin da ba a samu a kasuwa. Lokaci ya ƙure, Ylva ta ce Litinin za ta zo ta tayar da mota. Shi ne ranar Lahadi ya koma ya fasa kwaɗon da yake da makullinsa a aljihu.

"Wannan duk na ji," in ji Sufeto. "Tapio fa?"

Ya kama gefen teburin aiki.

"Na ga kina kallon notunan. Na san kin gane ɗan gida ne. Sai na ji sunansa ya fito daga bakina."

"Ka ga motarsa ranar Asabar?"

"Ban gani ba. Na san dai ba ya gida, kuma na san ba zai faɗi inda yake ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Taron masu barin giya yake zuwa a Karlstad. Ni kaɗai ya gaya wa. Ni na fara kai shi."

Sufeto ta ji kamar ta fita ta bar shi a wurin. Ta ce masa da fasa inji ne kawai, da Ylva ta yi fushin wata ɗaya, a rataye masa ƙarfe, a yi dariya, a wuce. Yanzu kuwa akwai ɗaukar kayan mutum, da shirya fashin ƙarya, da ɗora wa marar laifi. Ya ce ya sani. Ya ce tun Litinin bai iya haɗiye abinci ba, amma kullum ya ɗauki waya sai ya ajiye.

Ba ta sa masa ankwa ba. Ya kashe tukunyar kofi, ya sa hularsa, ya shiga bayan mota. Da suka zo wucewa ta gidan mai ya zame ƙasa a kujera, ita ma ba ta kalli wajen ba. Daga hanya ta buga waya ta ce a saki Tapio Rautio, a kuma sanar da mai gabatar da ƙara cewa ba shi da hannu.

Sai dai sakin mutum yana ɗaukar lokaci. Suna shiga caji ofis Tapio na tsaye a kanta, ana mayar masa da bel ɗinsa da wayarsa, bai yi aski ba, idanunsa sun yi ja. Ba wanda ya gaya masa dalilin sakinsa. Ya juyo ya ga Börje kusa da Sufeto, fuskarsa ta washe.

"Tsoho! Na ce musu za ka zo." Ya taho ya kama hannunsa da hannu biyu. "Kai ka yi musu magana, ko? Na san kai ne. Aino za ta zo ranar Juma'a, da ban san me zan ce mata ba."

Sajan da ke kanta ya sunkuyar da kai. Sufeto ta buɗe baki za ta raba su, Börje ya ɗaga mata hannu.

"Ni na yi musu magana, Tapio," ya ce. "Tun ranar Litinin. Ni na ce na ga motarka."

Tapio bai gane ba da farko, murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya dubi Sufeto, ta gyaɗa masa kai. Sannan a hankali ya saki hannun.

Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki wayarsa daga kanta, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Da ka ce in taya ka sauke shi, da na zo," ya ce. "Kuma da ban gaya wa kowa ba."

Ya fita. Sajan ya buɗe ƙofar ciki, Sufeto ta kama Börje a gwiwar hannu, ta shiga da shi.