Sharar da Ba Sallama

Ku matso, ku rage fitilar nan. Mai jin fitsari ya je tun yanzu.

Nafi'u ɗan maƙwabtanmu ne a Kaduna, yana aiki a ɗakin babbar na'urar wani kamfani. Ɗakin ba taga, ga sanyi kamar cikin randa. Na'urar tana tara tarihin duk abin da ta yi, fayil kan fayil, sai an riƙa share tsofaffin. Baba Ilu, wanda ya riƙe ɗakin kafin shi, da hannu yake sharewa, kuma kafin ya danna sai ya ce, "Bismillahi, a gafara, za a yi shara." Kamar dai mai zubar da ruwan zafi a tsakar gida.

Nafi'u dariya abin yake ba shi, don yaro ne mai rawar kai. Tsoho na yin ritaya Nafi'u ya yanka wa kowane fayil wa'adi. Da kwanansa ya ƙare, na'ura ta share shi da kanta, ba mai cewa uffan.

Wata Juma'a, rana tsaka, kowa ya tafi masallaci. Shi ma ya tashi, ya kara katinsa na buɗe ɗakin a ƙofa. Ƙofa ta ƙi. Ya sake. Ya buga, ya yi kira. Shiru, sai kukan fanka.

"Sannu da aiki."

Wata mata ce zaune a kujerar Baba Ilu. Sai da bakinta ya gama motsi sannan muryar ta fito, kuma daga cikin na'ura ta fito.

"Baiwar Allah, ta ina kika shigo?"

"Nan ka tarar da mu. Tsofaffin fayilolin nan da kuka manta da su, ciki muke kwana. Tsohon yakan yi magana, mu kwashe yara. Kai ba ka yi ba."

Ta juya masa baya. Majanyi a ɗaure tam, amma ba ɗa a ciki.

Ta nuna allon kwamfuta da haɓa. Sunansa ne a sama, an rubuta wa'adinsa: yau. A ƙasa layukan tarihin rayuwarsa na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, daga mafi tsufa. Ya nemi sunan unguwar da aka haife shi a ransa, ya rasa. Ya nemi na malaminsa na allo, babu.

"Don girman Allah, Inna, ki yi haƙuri!"

"Mu ba mu hana shara ba. A dai yi magana."

Ya buɗe saitin na'urar. Ya sa na'ura ta riƙa rubuta kalmar Baba Ilu tukuna, ta jira, sannan ta share. Yana danna maɓalli na ƙarshe layukan suka tsaya. Ƙofa ta yi ƙaras, ta buɗe. Kujera wayam.

Ya fita da ransa, amma abin da aka share ya sharu. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, abu ɗaya da ya rage masa nata shi ne muryarta tana masa waƙar reno. Ni da idona na ga ya zauna gaban yayarsa yana cewa, "Yaya, sake rera mini." Ta rera, tana kuka. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan bai taɓa jin ta ba.

To kun ji. Ko tsintsiya kuka ɗauka a wurin da ba kowa, ku yi magana tukuna. Kuma kada wanda ya sake ya zauna irin ɗakin nan shi kaɗai da rana tsaka.